Ɗakin Ƙarƙashin Gidan Mis Verna

Arima, Trinidad, 12 ga Satumba

Gwaggo Crisanta,

A sa mini albarka. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da 'yata Dairelys. Yaya idon? Kina ɗiga maganin safe da yamma, ko ya zama ado a kan firji kamar na bara? Ni lafiya lau, sai dai hannuwana da ruwan zafin figar kaji ya tsattsage. Indra, wadda muke aiki tare a shagon, ta ba ni man kwakwa, ana samun sauƙi.

Na san abin da kike jira ki ji, don haka ba zan ja ki da nisa ba. Ban sami ɗaki ba tukuna. Kada ki ce ban nema ba, lamba goma sha ɗaya na kira cikin mako biyun nan. Nakan shirya maganata tsaf, in rubuta a takarda, in yi ta maimaitawa a bayan shago. Da na buɗe baki na yi gaisuwa sai in ji shiru a can, irin shirun wanda ya ga ƙuda a miya, sannan a ce, “An kama ɗakin.” Wata ma ba ta bari na ƙarasa gaisuwar ba. “Ke Vene ce ko? Ba ma bai wa Vene.” Ƙit ta kashe. Sunan da suka laƙa mana ke nan, duk wanda ya tsallako daga Venezuela.

Ranar Talata na cika na yi fam, na miƙa wa Indra wayar na ce ta kira mutumin da ya gama ce mini an kama. Ko minti biyar ba a yi ba. Gwaggo, ɗakin da aka kama sai ga shi ya kuɓuce. Har yana yi mata tallar tankin ruwa, wai ta zo ta gani da yamma. Indra ta ce, “Ai ƙawata nake nema wa, ga ta nan.” Na karɓa na ce barka da rana, sai ya ce matarsa ta shigo yanzun nan, ashe ta riga ta yi wa wani alkawari. Indra ta yi dariya har da hawaye a kan kajin mutane. Ni ban ga abin dariya ba.

Abin da ke ƙona mini rai, shekara goma sha huɗu ina sakatariyar makaranta a Irapa. Ni nake gyara wa malamai takardunsu, Turancin ma na yi shi a aji na ci. Na zo nan na tarar nasu Turancin ba shi ne na littafi ba. Rera shi suke yi, su haɗiye rabi su tauna sauran, amma ni ce wadda ba ta iya ba. Idan na ce a maimaita sai a ɗaga murya, sai ka ce kunne ne matsalata. Jiya direban tasi ya tambayi inda za ni, na faɗa sau uku, ya juya wajen fasinjojin baya ya ce, “Jama'a, akwai mai jin yaren tsuntsu?” Na sauka na taka da ƙafata.

Inda nake kwana mu shida ne a ɗaki ɗaya, kuma mai gidan ya ce ko kyanwa kada a ƙara masa, balle yarinya. A yanzu dai ba ni da inda zan sa Dairelys. Ki ƙara haƙuri da ni.

Na ba Chuíto mai jirgin ruwa sabulu da man girki da takalmin makaranta. Idan ya matse ta a ba 'yar maƙwabta.

'Yarki,
Norkis

Irapa, Venezuela, 25 ga Satumba

Norkis 'yata,

Allah ya yi miki albarka, Uwa Maryamu ta lulluɓe ki da mayafinta. Muna lafiya. Dairelys ta yi mura ta warke, takalmi ya yi daidai, har da shi take son kwana. Maganin ido ina ɗigawa in na tuna, ba sai kin yi mini gori daga ƙetaren teku ba. Na hagu ya rufe gaba ɗaya, na dama ne ke ja na, shi ya sa kika ga rubutun manya-manya.

Na karanta takardarki sau uku da tabarauna na ɗinki. Shafi biyu cur a kan direba da tsuntsu da shekarunki goma sha huɗu, sai can ƙasa, kusa da sabulu, layi ɗaya: ba ki da inda za ki sa Dairelys. Buhun garin masara ce da za a nemi inda za a sa ta? Idan zaman can ya yi miki daɗi, kin fi son ki sake ba yarinya a ƙafarki, ki fito fili ki faɗa. Ni na raine ki, ba abin da zai ba ni mamaki.

Ga yadda ake ciki, ki buɗe kunne. Asibitin Maturín sun ba ni ranar aikin ido, tara ga Janairu. Wata goma sha shida ina layi kafin a kai kaina. Ɗana Wilmer zai zo ya ɗauke ni bayan Kirsimeti, kin kuwa san gidansa, kin san matarsa. Ni kaina da ƙyar ta yarda da ni, a kan kujerar falo. Yarinya ba ta da wuri a can, nan kuma ba wanda zan bar wa ita. Don haka jirgin Chuíto na ƙarshe kafin Kirsimeti, ko dai tana ciki, ko kuma ban san yadda za mu yi ba.

Turanci kuwa ban san shi ba, amma na san ki. Tun kina 'yar shekara tara kike gyara wa mutane magana a bakinsu. Kakarki, uwata, Allah ya ji ƙanta, sai da ta daina magana a gaban ƙawayenki, don kina murguɗa baki in ta yi irin ta mutanen kan tudu. Ina zargin a wayar nan ma nasu yaren kike gyara musu. Ki sauke kafaɗar nan. Ɗaki kike nema, ba kujerar shugabar makaranta ba.

Dairelys tana neman albarkarki. Ta ce a tambaye ki ko akwai mangwaro a can.

Gwaggonki,
Crisanta

Arima, 14 ga Oktoba

Gwaggo,

A sa mini albarka, ko da yake bayan wankin da kika yi mini ban san ko ta rage ba. Ina lafiya, hannu ya yi sauƙi. Ki ce wa Dairelys Allah ya yi mata albarka, kuma mangwaro a nan in lokacinsa ya yi har ruɓewa yake a titi.

Buhun masara, Gwaggo? Ni da nake tsaye tun shida na safe ina tsoma hannu a tafasasshen ruwa, saboda wa? Ranar da na karanta sai da na yi kuka a bayan shago, sannan na wanke fuska na koma figa. Mu bar shi a nan.

Ga labari mai ɗan daɗi. Akwai wata tsohuwa da ke sayen kaza duk Juma'a, Mis Verna Lezama. Ta kai saba'in da biyar, da sandarta da hularta ta coci. Ranar nan ina ƙulla mata leda na ji tana rera wani abu ƙasa-ƙasa, kuma da yarenmu. Na ce, “Kina jin Sifaniyanci?” Ta ce, “Ko kalma ɗaya, 'yar nan. Rerawa kawai nake.” Ashe ita ce shugabar wata ƙungiyar parang, waƙoƙinsu na Kirsimeti. Ki ji ikon Allah. Mutanen da ke yamutsa fuska in na yi magana a tasi, da Oktoba ta kama sai su ɗauko kuwatro, ƙaramar jitar nan mai tsirkiya huɗu, da caki su yi ta waƙa da harshenmu, ba su san me suke cewa ba.

Ta ce in zo in riƙa gaya musu ma'anar abin da suke rerawa. Na je ranar Asabar da yamma. Gidanta na katako ne a kan ginshiƙai, a ƙarƙashi suke gwaji, kuma a gefe guda an zagaye ɗaki da famfonsa da taga mai kallon bishiyar lemo. Ɗan hayar da ke ciki zai tashi ƙarshen Nuwamba. Na yi ta maza na tambaya, ina jiran a ce an kama. Ta saurare ni har na dire, ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma ƙarasa mini maganata ba. Ta ce, “Yarinyar shekararta nawa?” Na ce tara. Ta ce, “Ki riƙa zuwa Asabar, mu san juna tukuna. Ban bai wa kowa ba.” Na koma gida bakina har kunne.

Amma waƙar, Gwaggo, kunnena ya sha wahala. Sauran dai da dama-dama, sai guda ɗaya da Mis Verna take ja da kanta. Ta ce ta kakanta ce, wanda ya tsallako daga wajenmu zamanin gonakin koko. Sifaniyanci ne da ya tsufa a bakin waɗanda ba su san shi ba, duk ya lanƙwashe. Abin da na iya tsinta shi ne ruwa ya ci jirgi, mutum yana kiran Uwa Maryamu ta Valle, wadda masuntanmu ke kira a teku, yana cewa in ya taka ƙasa, bakinsa da bakin jininsa ba za su yi shiru ba. Sauran kamar mai tauna rogo da zafi. Kuma ba sa fara komai sai sun yi ta, a tsaye, kowa ya cire hula.

'Yar ƙaninta Shenelle, wadda ta yi jami'a, ta ja ni gefe. Ta ce za su shiga gasa a Disamba, shekara uku ke nan ana kayar da su, kuma ita a ganinta lafazin ne. Ta roƙe ni in rubuta musu waƙar da Sifaniyanci mai kyau, su koya a ɓoye su ba tsohuwar mamaki. Tun zuwana ƙasar nan ba wanda ya taɓa neman abin da ke cikin kaina, kullum hannuna ake so. Na ce ta ba ni mako biyu. Idan suka ci gasar nan, ina ganin maganar ɗaki an gama.

Ki ci gaba da ɗiga magani, ko ba ki tuna ba.

Norkis

Irapa, 26 ga Oktoba

Norkis,

Allah ya yi miki albarka. Muna lafiya, ido yana nan yadda yake. Ba ni da lokacin doguwar gaisuwa, Chuíto ya ce gobe zai tashi.

Kada ki taɓa waƙar nan. Ke da duk karatunki ba ki gane abin da kika ji ba? Jirgi ya nutse, mutum ya kira Uwa Maryamu, ya ce bakinsa da na jininsa, ana tashi tsaye ana cire hula. Wannan ba waƙar gasa ba ce, bakance ne. Mutumin ya yi alkawari a tsakiyar teku, an cece shi, zuriyarsa ke cika masa shekara-shekara. Irin wannan yadda mai shi ya furta haka ake mayarwa, ko a karkace ne, don ba da alƙalan gasa aka ƙulla ba. Mijina Evaristo, Allah ya ji ƙansa, ya yi irinsa lokacin da aka so yanke masa ƙafa. Shekara talatin muna taruwa gaban gicciye duk watan Mayu muna rera baiti guda mara kan gado, ba wanda ya isa ya ce a gyara. A gidan nan aka yi, kina nan, sai dai kullum kina ɗaki da littafi don kin ce abin ƙauyawa ne.

Ita wannan Shenelle da jami'arta, in tana son ta tsokano gwaggonta ta yi da hannunta. Ke baƙuwa ce mai neman ɗaki. Ki je ki zauna, ki tafa inda ake tafi. In an tambaye ki ma'ana ki faɗa, in ba a tambaya ba ki ci abin da aka ba ki ki yi godiya.

Maganar buhu na ji. Wataƙila na yi zafi. Da ido ɗaya nake karatu, kuma a tsorace.

Ki amsa mini da jirgin nan.

Crisanta

Arima, 22 ga Nuwamba

Gwaggo,

A sa mini albarka. Fiye da wata guda ba takarda. Idan fushin buhu ne har yanzu, to ya isa haka. Idan kuma ciwo ne, a sa wani ya kira shagonmu in an kawo wuta. An ce masu gadin teku sun tsananta, ban ga Chuíto ba, wani mai jirgi ɗan garin Güiria zan ba wannan. Lafiyata ƙalau in ban da kaina da ke sarawa mako guda ke nan.

Bari in gaya miki abin da mutanen nan suka yi mini, ki yi hukunci da kanki.

Na gyara waƙar. Kwana goma na yi a kanta, kuma ba yabon kai ba, ta fito fes. Inda babu ma'ana na sa ma'ana, inda baiti ke ɗingishi na miƙe shi. Shenelle ta buga a takarda ta raba wa matasan, suka yi ta koyo a gidanta. Asabar ɗin da ta wuce aka tashi tsaye kamar kullum, aka cire huluna. Mis Verna ta ja baitin farko, matasa suka amsa da nawa. Ta ja na biyu, suka sake. A na uku ta ɗora hannu a kan tsirkiyar mai kuwatro ta ce, “Wace waƙa ce wannan?”

Shenelle da ta kitsa komai sai ta kama kallon farcenta. Ni ce na fito. Na fara bayani da Turanci, kin kuwa san in raina ya tashi kalmomin guduwa suke. Ina cikin lalube sai Dexter mai caki, wani ƙato da gemu, ya kama ƙugu ya maimaita abin da na faɗa da irin muryata, har da yadda nake kaɗa hannu. Ya ce, “Malama, a hankali, kada harshen ya karye.” Aka fashe da dariya. Mutanen da na yi wa wahalar kwana goma kyauta. Shekara biyu ina haɗiye irin wannan a tasi da kasuwa da waya, ranar dai ta ƙi haɗiyuwa.

Na ce, “Ni kuke wa dariya? Kun san yadda kuke a kunnena?” Sai na rera musu baitin farko yadda Mis Verna take yi, da karkarwar muryar da lanƙwasar duka, har na ɗan duƙa kamar mai dogara sanda. Kin san na iya kwaikwayo. Biyu cikin matasan suka tuntsire kafin su kama bakinsu.

Mis Verna ta dube ni. Ta mayar da hularta, ta ce da mai kuwatro, “Yau an tashi.” Ta hau matakala da sandarta ɗaya bayan ɗaya, muna tsaye muna jin ƙarar. Ko tukunyar shinkafar da aka dafa ba a buɗe ba.

Yanzu ki gaya mini, wa ya fara? Dexter ya yi nasa, an yi dariya, ba wanda ya hau sama. Ni na yi na minti ɗaya, sai ka ce na kashe mutum. Indra ta ce in kai wa Mis Verna kaza in ba da haƙuri. Haƙurin me? Taimako aka roƙe ni. Jiya Juma'a ba ta zo sayen kaza ba, maƙwabciyarta ta aiko. Yau ni ma ban je ba.

Ɗan hayar ya fara kwashe kaya. Ina ganin za ta huce, tsofaffi haka suke. Ki fara haɗa kayan Dairelys, amma kada ki gaya mata rana tukuna.

Norkis

Arima, 3 ga Disamba

Gwaggo,

A sa mini albarka, ina bukatarta. Jikina lafiya. Takardarki ta ashirin da shida ga Oktoba sai shekaranjiya ta iso, duk ta yi laushi. Chuíto ya ce mako biyar jirginsa na ɗaure. Na karanta a tsaye a bakin tukunyar ruwan zafi, sannan na zauna a kan bokiti. Indra ce ta ƙarasa kajina.

Jiya na je gidan Mis Verna. Ban kai kaza ba. Na tarar da ita a baranda tana ɓarar wake. Na ce na zo ba da haƙuri, ban san bakance ba ne. Ta ce, “Da ba bakance ba ne fa?” 

Ta nuna mini kujera, ta zuba mini kofi, ta yi magana a hankali don in gane. Kakanta ya yi shekara hamsin a ƙasar nan, Turancinsa bai wuce guntu-guntu ba. Yara na bin sa a hanya suna kwaikwayonsa, ta ce har da ita, don kada a ce jikarsa ce. Shi ya hana 'ya'yansa yarensa, ya ce kada a yi musu abin da ake yi masa. Waƙar nan kaɗai ya bari, ita kuma tana 'yar shekara goma ta ɗauka daga bakinsa, lokacin ba shi da haƙori ko ɗaya. “Na san a karkace take,” in ji ta. “Ba sai an zo daga ƙetare an gaya mini ba. Haka ya ba ni.”

Ashe washegarin abin ta kira Dexter ta karɓe cakin, ta ce kada ta ƙara ganinsa a ƙungiyar, saboda abin da ya yi mini. Ban sani ba. Ta ce tun ranar da na fara yi mata magana a shago take jin kakanta in ina fama da Turanci. Shi ya sa ta riƙe ɗakin, har mutum huɗu ta mayar.

Na tambaya, don dole in tambaya. Ta ce, “Na yafe miki, 'yata, har ga Allah. Amma katako ne kawai tsakanin ɗakin nan da gadona. Duk safiya nakan yi waƙar kafin in sauko. Ba zan iya ba ina sane kina ƙasa kina ji.” Ta ba wani malamin makaranta ɗakin, ranar Litinin zai tare.

An hana ni ɗaki ya fi sau ashirin a ƙasar nan, kuma kullum ina da wanda zan zaga a hanyar komawa. Jiya na taka tun daga gidanta har shago ban sami kowa ba.

Na koma kiran lambobi. Shida na kira daga jiya zuwa yau, kin san amsar. Saura mako uku. Ki ce wa Wilmer ya ƙara roƙon matarsa, ko na wata ɗaya ne. Ke kuma ki faɗi duk abin da za ki faɗa, ba zan musa ba.

'Yarki,
Norkis

Irapa, 19 ga Disamba

Norkis 'yata,

Allah ya yi miki albarka. Kada rubutun ya ba ki tsoro, Dairelys ce ke rubutawa ina faɗa, layin takarda ya daina tsaya mini wuri ɗaya. In ban da wannan lafiya muke.

Takardunki biyu rana ɗaya suka zo, ita ta karanta mini. Ta farko ta sa na kusa jifan bango da kofi, ta biyu ta sa na fasa. Ba abin da zan faɗa wanda matar nan ba ta faɗa ba, ta kuma fi ni iya faɗa.

Matar Wilmer ta ce a'a, ban sake roƙo ba. Na aika masa kada ya zo. Asibiti sun ba wani ranata, sun mayar da sunana ƙasan layi. Kada ki rubuto mini shafi biyu a kan wannan, an riga an yi. Gidan nan na san shi da ƙafa, ba sai da ido ba. Ki nemi ɗaki a natse, mu sa ran Ista. In Mis Verna ta dawo sayen kaza ki gaishe ta, ki ce wata tsohuwa a Irapa ta kunna wa kakanta kyandir.

Hallaca, ƙullin masara da nama a ganyen ayaba, goma sha biyu kacal muka naɗe na Kirsimetin bana. Biyu na cikin ledar nan, ki ci ɗaya ki ba Indra ɗaya.

Gwaggonki,
Crisanta

Mama, ni ce. A sa mini albarka. Kaka ta ce in manne ambulan, ba ta san ina ƙarawa ba. Ranar Lahadi ta ɗora hannu a kan kaskon toya wainar masara ta ɗauka murfi ne, ta ƙone, ta ce kada in faɗa. Yanzu ni nake kunna wuta. Mama, idan kin kira masu ɗaki ki gaya musu ni ba ni da surutu. Ko Turanci ko namu, ba za su ji bakina ba sam. Na fara gwadawa a makaranta, jiya har aka tashi ban ce komai ba.

Dairelys